Inuwar Giginya a Bakin Teku: Abin da Na Ci da Abin da Na Gani a Zanzibar

Wani taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Darussalam, babban birnin kasuwanci na Tanzaniya. Da aka tashi daga taron sai na ga ina da rarar kwana biyar, na kuwa yanke shawarar tsallaka teku zuwa Zanzibar, tafiyar kimanin awa biyu a jirgin ruwa. A 'yan shekarun nan sunan tsibirin ya shiga bakin masu hannu da shuni a ƙasarmu, musamman ango da amarya, waɗanda ke dawo mana da hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa da farantan abinci masu ɗaukar ido. Ni dai abincin ne ya fi jan hankalina, domin na daɗe da yarda cewa wanda ke son sanin gari, ya leƙa tukunyarsa. Na leƙa kuwa, sai na tarar tukwanen biyu ne: ɗaya ta baƙi, ɗaya ta 'yan gida. Abin da ke tsakaninsu shi ne dalilin wannan rubutu.

Sai an ɗan waiwayi tarihi kafin a fahimci girkin Zanzibar. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma shekaru aru-aru iska ce ke tsara musu kasuwanci. Daga wajen watan Disamba iskar da suke kira kaskazi kan koro jiragen fatake daga ƙasar Larabawa da Farisa da Indiya, daga wajen Afrilu kuma iskar kusi ta mayar da su gida. Fataken kan yi watanni suna jiran juyawar iska, su yi aure, su girka abin da suka saba ci. A wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya maido fadarsa daga Maskat zuwa nan, ya kuma ƙarfafa noman kanumfari har tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen samar da shi. Da guminsu bayi suka raya gonakin nan, kuma sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta birnin. Saboda haka duk wanda ya ɗebi lomar pilau, wato dafa-dukar shinkafa mai kanumfari da kirfa, ya sani cewa ƙamshin da yake ji yana da tarihi, kuma tarihin ba duka ne mai daɗi ba.

Bahaushe ba zai ji kansa bare ƙwarai a wannan kicin ba. Abin da muke ce wa kanumfari su karafuu suke cewa, gahawarmu ita ce kahawa, alewarmu kuma halua. Duk daga Larabci muka aro, mu ta hanyar raƙuma a Sahara, su ta hanyar jirage a Tekun Indiya.

Daren farko na nufi Forodhani, wani lambu a bakin ruwa a tsohon gari, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lambun yana gaban tsohuwar ganuwar Larabawa da Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Bargash ya gina a 1883. Da rana wurin shan iska ne kawai. Ana kiran Magariba sai tebura su bayyana, fitilu su kama, hayaƙin gawayi ya turnuƙe. Ga tsire, wanda suke kira mishkaki. Ga ƙaguwa da jatan lande da yankan kifi iri-iri an jera. Ga masu matse rake da citta da lemun tsami a gaban idonka. Ga kuma abin da suke kira fizar Zanzibar, wadda ba ta haɗa komai da ta Italiya ba sai suna: ƙullin fulawa ne ake miƙarwa siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, a naɗe a soya a kan tanda.

Na ɗauka na iso tukunyar 'yan gida ke nan, ashe da saura. Bayan na ɗan zauna sai na lura cewa teburan da aka tula wa kayan teku, baƙi ne kaɗai ke tsayawa a kansu, kuma farashin yakan tashi ko ya sauka gwargwadon fuskar mai saye. 'Yan gari kuwa, maza da mata da yara, duk sun yi cincirindo a gefe guda, kowa riƙe da ɗan kwano. Na tambaya, aka ce urojo ne. Wani dattijo da muke zaune benci ɗaya ya dube ni ya ce, "Mwalimu, in na gaske kake so, gobe da hantsi ka shiga lungunan bayan kasuwar Darajani, ka nemi inda ka ga layi."

Na bi shawararsa. A wani lungu da ko mota ba ta shiga na sami wata mata a ƙofar gida da babbar tukunya a gabanta. Urojo romo ne mai ɗan kauri, na fulawa da kurkum da tsamin mangwaro ko lemun tsami. A cikinsa ake zuba dafaffen dankali, da bajiya wadda ƙanwar ƙosai ce, da soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, a ɗora ɗan tsire, a yaryaɗa markaɗen kwakwa da barkono. A kwano ɗaya ka haɗu da Indiya da Afirka da rogon da asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Shilin 3,000 na biya. Da ta ga na lashe kwanon tas, sai ta ƙara mini ludayi guda, ta ƙi karɓar ko sisi a kansa. Daga nan na gangara Jaws Corner, wata 'yar mahaɗa inda dattawa ke zama a dakali, na sha baƙar gahawa a ɗan finjali da kashata, wata alewar gyaɗa, ina sauraron gardamar siyasa da ƙwallo wadda ban ji kalmominta ba amma na gane zafinta, don irin ta majalisunmu ce.

A rana ta uku na yi arewa zuwa Nungwi, kimanin kilomita 60 daga birni, inda manyan otal-otal suka yi jerin gwano a bakin teku. Tsibirin ya yi suna da gidajen abinci na alfarma. Akwai ma wani a gabas, wajen Michamvi, da aka gina a kan dutse cikin ruwa, wanda ake takawa da ƙafa in teku ta janye, a shiga kwalekwale in ta kawo. Ni dai a wani otal na Nungwi na kama teburi, na ce bari in ɗanɗana abin da ake ta yayatawa, gani ya kori ji.

Ba zan ɓoye ba, wurin ya burge ni. An kafa teburin a kan rairayi, da farin ƙyalle da kyandir, rana tana nutsewa cikin ruwa, jiragen masunta suna gilmawa da filafilansu. Cokula da wuƙaƙe sun yi sahu dama da hagu, har sai da na saci kallon maƙwabcina don in ga da wanne ake farawa. Aka miƙo mini takardar giya, na ce a kawo ruwan tsamiya. Kashi biyar aka kawo abincin, kowane kashi ɗan mitsitsi a tsakiyar faffaɗan faranti. Na biyu shi ne pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas, wadda ban taɓa sawa a baki ba. Na yi jim, sannan na tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya, haka ma a Shafi'iyyar da akasarin mutanen tsibirin ke bi, abin da ke rayuwa cikin teku halas ne. Na yi bisimilla. Naman yana da danƙo kaɗan, ɗanɗanonsa tsakanin kaza da kifi. Bayansa aka kawo wani ƙaton ɗan'uwan jatan lande, an tsaga shi biyu an gasa da man shanu. Mai girkin ya san aikinsa, wannan babu ja.

Saurayin da ke hidimata mai ladabi ne ƙwarai. Na tambaye shi ko ɗan Nungwi ne, ya ce a'a, daga babban yankin Tanzaniya ya zo, kamar da yawa daga abokan aikinsa, domin otal na neman mai Turanci da takardar shaidar koyon aikin. Na ce, "Kai ka taɓa cin wannan da ka ajiye mini?" Ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina dai ɗaukarsa kullum." Da takardar kuɗi ta zo, dala 80 ce, wato wajen shilin 200,000. Na yi lissafi a zuci: kwanon urojo fiye da 60. Na biya, na tashi, kuma gaskiyar magana ban ƙoshi ba.

Washegari bayan Asuba na bi bakin ruwa da ƙafa har na wuce katangar otal na ƙarshe, na shiga ainihin ƙauyen. A nan maƙeran jirage ke sassaƙa katako da gizago kamar yadda kakanninsu suka yi, a nan kuma masunta ke sauke abin da dare ya ba su. Gwanjo ake yi: a shimfiɗa kifi a ƙasa, mai shela ya riƙa ɗaga farashi, mutane sun kewaye. Na tsaya na kusan awa guda. Duk wani babban kifi da ya fito, dillalai masu akwatunan ƙanƙara a kan babura ne ke kwashewa, kuma kowa ya san inda za su kai shi. Matan ƙauye da robobinsu suna daga baya suna jira, sai an zo kan dagaa, wasu 'yan ƙananan kifaye da ba su wuce tsawon yatsa ba, sannan su matso.

Wani masunci mai furfura, wanda ya ɗan iya Larabci, ya zauna da ni a gindin jirginsa. Na ba shi labarin abin da na ci jiya. Ya ce mai yiwuwa ma daga komarsa ya fito. Na tambaye shi ko yana kai irinsa gida, sai ya yi dariya ya ce, "Shehe, wa zai cinye kuɗin makarantar 'ya'yansa a loma ɗaya? Mu ugali da dagaa sun ishe mu." Ugali dai tuwon masara ne. Ya ƙara da cewa a ƙuruciyarsa kifi ba abin alfahari ba ne, maƙwabci ma kyauta ake ba shi, amma yanzu sai an yi nisa cikin teku kafin a samu, kuma bakin da ke jiransa ya yi yawa. A hanyata ta komawa na yi ta cin karo da 'yan mata ɗauke da jarkoki suna neman ruwan sha, alhali a bayan katanga ana ban ruwa ga ciyawar ado, tafkunan wanka kuma sun cika sun batse. Nan take karin maganar nan ta faɗo mini: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Adalci ya wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren. Darajar kanumfari ta daɗe da raguwa, ƙasashe irin su Indonesiya sun sha gaban Zanzibar a nomansa, kuma yau yawon buɗe ido ne babbar ƙofar da kuɗin waje ke shigowa tsibirin. Masuncin nan da kansa bai ce a rufe otal ba. Farashin da yake samu yanzu ya fi na da. Direba da mai wanki da mai sayar da kayan ƙamshi duk suna ci daga wannan masana'anta. Akwai kuma ƙoƙarin gyara: a wasu ƙauyuka, musamman a Pemba, masunta sun amince su riƙa rufe wani yanki na teku na 'yan watanni don pweza ta girma, kuma in an buɗe sukan sami kamu mai kyau. Don haka ba cewa nake yi cin abinci mai tsada zunubi ba ne. Tambayata ita ce: a cikin dala 80 ɗin nan, nawa ne ya isa hannun wanda ya kwana a kan ruwa? In kaso mafi tsoka na mai katanga ne da dillali, to an koma gidan jiya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsibirin da ya taɓa ƙamsasa tukwanen duniya da gumin waɗanda ba a biya ba, bai kamata a bar shi ya maimaita ko da inuwar wannan tarihi ba.

A ranar da zan bar Nungwi na ci abincin rana a rumfar wata mai tuwo a cikin ƙauyen, irin waɗanda suke kira mama lishe. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da miyar pweza ita ma a cikin madarar kwakwa da kurkum, faranti ya cika har yana zuba. A benci na zauna tsakanin wani kafinta da ɗan acaɓa, muka wanke hannu a buta ɗaya. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daren jiya ba, kuma ita ce pweza mafi daɗi da na ci a tsibirin. Bambancin da na iya ganowa shi ne a can an sayar mini da faɗuwar rana da farin ƙyalle, a nan kuwa abinci aka sayar mini.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da Allah ya hore wa zuwa Zanzibar, ko wani wurin shaƙatawa irinta, shawarata ba ta da yawa. Ka ci na otal in kana da hali, ka ɗauki hotonka. Amma kada ka biya kuɗin da zai kulle ka a bayan katanga safe da rana da dare, har ka dawo gida ba ka san ɗanɗanon garin ba. Ka fita. Ka nemi layin 'yan gari ka bi. Ka saya a hannun mai rumfa, kada ka tsananta ciniki a kan abin da a wurinka canji ne, a wurinta kuwa cefanen yini. Ka tambayi mai otal daga ina kifinsa yake, kuma 'yan ƙauyen nawa ne ke aiki a wurinsa, domin tambayar mai biyan kuɗi tana da nauyi. Baƙo raɓa ne, gobe zai wuce. Abin da ya rage shi ne ko ya jiƙa ƙasar da ya sauka a kanta, ko kuwa ya tafi ya bar ta a bushe.