Daga Kainji Zuwa Ƙwan Fitila

Da hantsi na isa Kainji, na tsaya bisa madatsar ruwan da aka kammala a 1968 a kan Kogin Kwara. A ƙarƙashin tabkin nan tsohon garin Bussa yake kwance, an tashi mutanensa domin ƙasa ta sami haske.

Ruwa ne ke gangarowa da ƙarfi ya juya manyan injuna, su kuwa su haifar da lantarki. Sai taransifoma ta ɗaga ƙarfinsa zuwa bolt 330,000, don kada ya tsiyaye a hanya. Wayoyi bisa dogayen turakun ƙarfe su kwashe shi zuwa Jebba da Birnin Kebbi. Tasha bayan tasha ana rage shi, 132,000, 33,000, 11,000, har ya yi laushin shiga gida.

Amma fa wutar nan ba hatsi ba ce, balle a zuba a rumbu. Yadda aka samar, haka ake shanyewa nan take. Saboda haka ma'aikata a Osogbo ke auna samarwa da bukata dare da rana. In ma'aunin ya karkace ƙwarai, sai ƙasa duka ta auka duhu.

Mai karatu, in ka kunna fitila daren yau, ka tuna da Bussa.