Matamai: raƙumi na da mai shi, barewa fa?

Matafiyin da ya baro Damagaram ya ratsa Takeita, in ya doshi Matamai, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo. Gonakin ƙasar Kance cike suke da shi, domin bayan farin 1984 manoma sun koma rainon tsiron itace maimakon sare shi. Da rani, ƙarƙashin gawon nan ake iske raƙuman Buzaye suna kiwo, kafin su gangara kasuwa ko su miƙe hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano.

Akwai kuma dabbobin da dā suke kiwo a wannan karkara, yau sai a bakin dattawa: barewa da gada. Ga ido, babu abin da ya haɗa su da raƙumi, amma duka masu tuƙa ne, duka kuma sun san ƙishirwa. Raƙumi yana tara kitse a tozo, in ya samu rijiya ya shanye wajen lita 100 a tsaye guda. Barewa kuwa ganye da raɓa sun ishe ta kwana da kwanaki. Raƙuma takan yi wata 13 da ciki, barewa wajen wata 6. Bisa lissafi, barewa ya kamata ta fi yawa.

To, me ya juya lissafin? Raƙumi dukiya ne: yana da shaida a jiki, yana da akala, yana da kuɗi a kasuwa. In ya ɓata, har gaban sarki ake zuwa. Barewa ta Allah ce, wanda ya riga harbi shi ke da nama. Da jama'a ta ƙaru, gona ta haɗe da gona, saura ta ƙare, sai maɓoya ta ƙare.

Dokar farauta ta 1998 tana nan, an kuma keɓe gandun Tarmit da Tin-Tumma a 2012, can arewa maso gabas. A can ne ragowar mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta ɗauki sunanta, ke fakewa cikin duwatsu.

Gawo ya dawo Matamai ne ranar da manomi ya ce nasa ne. Barewa ba ta samu mai faɗin haka ba tukuna. Yaran garin sun san ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kaɗan ne suka taɓa ganin gudun nata.