Abin da humra ba ta rufewa

Kafin a kai amarya ɗakinta a nan Kance, sai ta sha gyara. A sa ta lalle, a murje ta da dilka, a turara ta da kajiji da sandal da farce, zannuwanta ma sai an rufa su a kan kasko. Humra daga wajen Barebari ta zo mana, kuma lokacin da muke ƴan mata ba kowane gida ke da ita ba. Na yi wa amare da yawa wannan hidima, ban kuwa raina ta ba. Sai dai turare baƙo ne, ba ya daɗewa. Ranar da miji ya yini a fadama yana saran rake, matar kuma ta taso daga bakin murhu cikin zafin bazara, ranar kowa ke jin ainihin ɗan'uwansa.

Akwai zufar da ba ta damun mace. Na san matan da in maigida ya tafi cin rani Kano ko Libiya, sai su ƙi wanke tsohuwar rigarsa, su cusa ta ƙarƙashin matashi, kunya ta hana su gaya wa kowa.

Na kuma ga yarinyar da aka ba ɗan baffanta, yaro mai tsabta da ladabi, ba duka ba zagi. Amma da ya shigo ɗaki sai zuciyarta ta tashi. Aka ce iskoki, aka ce sammu, ta sha rubutu har ta gaji. Mu tsofaffi muka ce jininsu ne bai haɗu ba. Auren ya mutu, ta auri mahauci, mai ƙarnin nama fa, ga su nan har da jikoki.

Jikana da ke jami'a a Damagaram ya ba ni labarin wani masani, Claus Wedekind, a birnin Bern na Suwizalan. A 1995 ya sa maza 44 suka kwana biyu kowa da riga ɗaya ba turare, sannan mata 49 suka shinshina rigunan. Galibinsu sun fi son ƙanshin namijin da garkuwar jikinsa ta gado ta bambanta da tasu, masu shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa zaɓinsu ya juye. Masanan da suka biyo baya ba duka suka sami haka ba, ni ma ba zan soke auren zumunci da wannan ba, don na ga wanda ya yi albarka da yawa.

Amma ku iyaye, in ƴarku ta ce ba ta iya zama kusa da yaro, ta kasa faɗin dalili, kada ku yi saurin ce mata fitsararriya. Ku jinkirta karɓar sadaki, ku tura gwaggonta ta tambaye ta a ɗaki, su biyu kaɗai.