Kowane fure da baƙonsa

Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa. Na daɗe da yarda cewa fure ma ba ya ado banza. Launinsa da ƙanshinsa da lokacin da yake buɗewa duk goron gayyata ne, kuma kowane goro da mai shi.

Mu dubi kuka. Furenta fari ne, babba, yana reto a kan dogon tsinke. Ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, sannan ya saki wani wari mai tsami wanda ɗan Adam ba ya so. Ai ba dominmu aka yi shi ba. Jemage ake kira: farin yana nuna masa hanya cikin duhu, warin yana jawo shi daga nesa, reton kuma yana ba shi filin sauka ba tare da rassa sun tare masa fiffike ba. Yana lasar ruwan zaƙi, garin fure yana manne masa a gashi, sai ya kai shi wata kukar. Kashegari furen ya yi yaushi, aikinsa ya ƙare cikin dare guda.

Kabewa kuwa baƙonta na safe ne. Furenta rawaya, mai faɗin baki, yana buɗewa da asuba ya rufe kafin azahar. A jikin yaɗo guda akwai fure namiji, akwai mace mai ƴar gunda a gindinta. In ƙudan zuma bai yi jigila tsakaninsu ba a ƴan sa'o'in nan, gundar sai ta bushe ta faɗi.

Gero bai gayyaci kowa ba, shi ya sa ba ya kwalliya: babu launi, babu ƙanshi. Iska ce ɗan aikensa, don haka yake zubo bununi mai yawa, marar nauyi. Dabino kuma namiji dabam, mace dabam. Manoman Ingal da Kawar ba sa barin lamarin ga iska. Sukan hau su sa reshen furen namiji cikin na macen da hannunsu.

Abin da ke damuna a matsayina na malamin faransanci da hausa shi ne, ɗalibanmu suna haddace wannan darasi don jarrabawa, su ɗauka ilimi ne na cikin littafi kawai. Yaron da ya zana sassan fure da safe shi ne zai ɗauki danƙo da yamma ya harbi jemage. Mahaifinsa kuma ya fesa maganin ƙwari a lambu daidai lokacin da fure ke buɗe, zuma na kai, daga baya ya yi mamakin ƙarancin yabanya. Alhali wani rahoton masana na duniya na shekarar 2016 ya nuna cewa wajen kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna buƙatar taimakon ƙwari da dabbobi, ko yaya yake.

Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu, har duniya ta yaba. Amma icce mai fure in ya rasa baƙo ba ya barin magaji. Don haka nake roƙon ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu: mu fitar da darasin nan daga aji, mu kai shi gindin kuka da bakin lambu, cikin harshen da uba da ɗa suke ji tare. Wanda ya san baƙon kowane fure ba zai kore shi da dutse ba.