Landan, Inda Ake Yi wa Fim Sutura

Yawancin mutanenmu da ke zuwa titin Oxford a Landan tufafi da turare da takalma ke kai su. Ni kuwa ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin ya san abin da ke raina tun zamanin da muke bin layin tikiti a silimar Plaza da Orion a Kano. Saboda haka da muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Bond Street sai ya ja ni zuwa gini mai lamba 363, ya ce, "Kawu, ga naka kantin." HMV ne, mai tambarin karen nan da ya karkata kai yana sauraren bututun garmaho. A 1921 aka fara buɗe shi a wannan wuri, kuma Edward Elgar, babban mai tsara kiɗa na Ingila, shi ya jagoranci bikin. A 2019 kasuwa ta juya baya aka rufe shi, har masu sayar da alewa suka gaje wurin na 'yan shekaru. A watan Nuwamba na 2023 aka sake buɗe ƙofarsa, kuma ranar da muka je cike yake da matasa suna ɗaga faya-fayai suna duba bayansu.

Kada wani ya ɗauka cewa kasuwar faifai a Birtaniya tana nan kamar da. Ta ragu ƙwarai. Babban kantin Sainsbury's ya daina sayar da DVD tun 2021, a Amurka kuma kamfanin Netflix, wanda da aika faifai ta gidan waya ya fara sana'arsa, ya rufe wannan ɓangare a watan Satumba na 2023. Mai son abin da zai kalla ya yi barci ya koma intanet. Waɗanda suka rage su ne masu son fim har zuci, waɗanda ba su yarda fim ɗin da suke ƙauna ya zauna a hannun wani kamfani da zai iya janye shi gobe in kwangila ta ƙare ba. Domin waɗannan ne wasu ƙananan kamfanoni suka taso, kuma aikinsu ne ya burge ni fiye da duk abin da na gani a wannan tafiya.

Wurin da aka fi ganin aikin shi ne Fopp, wani kanti a kusurwar titin Earlham a unguwar Covent Garden, wanda asalinsa tebur ne a kasuwar Glasgow a 1981. A can akwai kantoci da aka jera faya-fayai bisa sunan kamfanin da ya fitar da su, domin masu saye sun san hannun kowanne. Eureka na da jerin da ta kira Masters of Cinema, inda ake samun tsofaffin finafinan Jamus da Japan. Arrow ta fi shahara da na ban tsoro da na faɗa. Second Run kuwa ta ɗauki nauyin finafinan ƙasashen Gabashin Turai, na Cek da Hangari da Polan, waɗanda in ba don ita ba da mai jin Turanci kaɗai ba zai same su da sauƙi ba. Akwai Indicator, akwai Radiance wadda ba ta daɗe da fitowa ba, ga kuma Criterion ta Amurka, uwar tafiya, wadda ta fara buga wa kasuwar Birtaniya nata kwafin a 2016. Yawancinsu suna buga lamba a gadon bayan kowane kwali, ɗaya, biyu, uku, har ɗaruruwa, ta yadda mai tarawa da ya dubi kantarsa zai ga inda giɓi yake.

Sai ka riƙe ɗaya a hannu za ka gane abin da nake nufi. Kwalin waje mai kauri ne, ba ya lanƙwashewa. A ciki ga faifan, ga ɗan littafi mai shafi arba'in ko tamanin a kan takarda mai kyau, ɗauke da sabuwar maƙala daga wani masani, da tsohuwar hira da darakta, da abin da 'yan jarida suka rubuta a shekarar da fim ɗin ya fito, na yabo da na suka duka. A shafin ƙarshe sukan yi bayanin inda aka samo ainihin naɗin fim ɗin da aka ɗauka da kyamara, da wurin da aka wanke shi aka gyara, da wanda ya duba launi. Bangon wasu juyawa ake yi: fuska ɗaya sabon zane da aka ba wani mai zane ya yi musamman, ɗaya fuskar kuma fostar asali. Wani ƙaramin abu da ya nuna mini zurfin kulawarsu shi ne wannan. Tun 1984 dokar ƙasar ta wajabta a tace kowane fim na sayarwa a sa masa alamar shekarun mai kallo, 12 ko 15 ko 18. Don kada alamar ta ɓata zanen, Radiance sai ta buga ta a kan wata siririyar takarda da ke naɗe da kwalin, irin yadda Japanawa ke yi wa faya-fayansu. In ka isa gida ka zare ta, zanen ya fito tas.

Abin da ya fi kama ni kuwa ba a gani da ido. Yawancin faya-fayan suna da murya ta biyu. Ka danna maɓalli, fim na tafiya, darakta ko mai ɗaukar hoto ko wani malamin tarihin fim yana magana a kai daga farko har ƙarshe: dalilin da ya sa aka ajiye kyamara a nan, abin da hukumar tacewa ta yanke, yadda kuɗi suka ƙare aka canza ƙarshen labari. Criterion ce ta fara wannan a 1984, a kan manyan faya-fayan LaserDisc, lokacin da Ronald Haver ya yi sharhin King Kong na 1933. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san irin littafin nan da matani ke tsakiyar shafi, sharhi na kewaye da shi a gefe, an kuma ɗinka masa gafaka don kada ya lalace. Irin wannan daraja ce mutanen nan suka ba fim. Sun ɗauke shi ilimi ne da ake naƙalta daga wanda ya sani, a adana wa na baya.

Kuɗinsa bai kai yadda mutum zai zata ba in aka auna da aikin. Fim guda a irin wannan shiga yakan kama fam 20 ko sama kaɗan, babban akwati mai finafinai da yawa kuma ya haura 50. Sau da yawa kwafi 3,000 ko makamancin haka kawai ake bugawa, in sun ƙare sai dai a nemi na hannu da tsada. Wannan ya haifar da wata ɗabi'a da ban yaba ba, ta masu saye su ajiye cikin leda ba su taɓa buɗewa ba, suna jiran farashi ya tashi. An fi ganin haka a masu tara kwalin ƙarfe da ake kira SteelBook, wanda kamfanin Scanavo na Denmak ke ƙerawa. Gwangwanin yana da kyau, yana sheƙi, amma fim da ba a kalla ba ai bai yi amfanin da aka yi shi dominsa ba. Na fi jin daɗin wani dattijo da muka tsaya tare a gaban kantar Eureka, wanda ya gaya mini cewa duk daren Juma'a yana tara maƙwabta a falonsa ya sa musu fim ɗaya daga cikin nasa, ya karanta musu wani abu daga ɗan littafin kafin a kashe fitila.

Daga Covent Garden muka taka zuwa gadar Waterloo muka tsallaka kogin Tems. A ƙarƙashin gadar, bayan teburan masu sayar da tsofaffin littattafai, nan ne BFI Southbank, gidan silima na Cibiyar Finafinan Birtaniya da aka kafa a 1933. Suna da ɗakin karatu, da wani ɗaki da kowa zai shiga kyauta ya zauna gaban allo ya zaɓi abin da yake so daga ma'adanarsu, da ƙaramin kanti. A wannan kanti na sayi Napoléon na Abel Gance, fim ɗin Faransa na 1927 wanda babu magana a cikinsa, mai tsawon awa biyar da rabi. Labarin faifan kansa ya isa fim. Kevin Brownlow yana ɗan makaranta a shekarun 1950 ya ci karo da guntayen fim ɗin, ya kamu da sonsa. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana bin ma'adanai da masu tara tsofaffin kaya ƙasa ƙasa, yana haɗa abin da aka yanke aka watsar, har aka fitar da shi a faifan Blu-ray a 2016 tare da kiɗan da Carl Davis ya tsara masa. A ƙarshen fim ɗin allo kan buɗe ya zama uku a jere, dabarar da Gance ya yi tun kafin a san faffaɗan allo. Mutum ɗaya ya ba da rayuwarsa, ni kuma baƙo daga Kano na ɗauki sakamakon da kuɗin da bai wuce na abincin rana na mutum biyu ba.

A bayan kowane kwali mai kyau akwai rumbu. BFI na ajiye ainihin naɗe-naɗen finafinai a Gaydon, cikin gundumar Warwickshire, a ɗakunan da sanyinsu ke digiri 5 ƙasa da sifili, domin zafi da laima su ke cinye fim. Haka ma Metropolis na Fritz Lang, wanda Eureka ta fitar a kusan cikakkiyar siffarsa: kusan minti 25 da aka ɗauka sun ɓace har abada sai a 2008 aka gano su a wani ƙaramin gidan tarihi a Buenos Aires ta Ajantina.

Su ma Turawan Ingila sun taɓa yin sakaci, kuma ba sa ɓoyewa. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset ɗin shirye-shiryenta don ta sake ɗaukar wasu a kai, aka yi asarar kashi da dama na shirin Doctor Who, wanda yara da manya a ƙasar ke ji da shi. A kantar HMV ɗan ƙanwata ya zaro faifai biyu, The Enemy of the World da The Web of Fear, ya ce, "Kawu, ka san daga ina waɗannan suka dawo? Daga Jos." Haka abin yake. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya samo gwangwanaye a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos, cikinsu har da kashi tara da babu su ko'ina a duniya. An sayar wa tashoshin Najeriya su ne shekaru da dama da suka wuce, aka manta da su a kan kanta. Aka mayar da su Ingila aka gyara, aka yi musu bango, ga su ana saye a titin Oxford. Na daɗe riƙe da su. Daga ma'adanar Hukumar Finafinai ta Najeriya kuma aka gano Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976 da aka gina kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018.

Afirka na da ɗan wurinta a waɗannan kantoci, ƙarami amma mai daraja. Na ga La Noire de… na Usman Samben na Senegal wanda BFI ta fitar tare da Borom Sarret, na ga Mandabi nasa, kuma Criterion ta sa Eyimofe na tagwayen nan Arie da Chuko Esiri, fim ɗin Legas, cikin jerinta a 2022. Mai niyyar saye ya lura da abu ɗaya: an raba duniya shiyya-shiyya, kuma a tsarin Blu-ray Turai da Afirka duk shiyyar B suke, don haka na Landan ya dace da na'urar shiyyarmu, na Amurka kuwa shiyyar A ne. Faifan 4K, wanda ke ɗaukar har gigabait 100, ba shi da wannan shinge.

A hanyarmu ta komawa masauki muka yi ta lissafa wa kanmu finafinan da muka taso da su, waɗanda aka saya a Ƙofar Wambai da Bata a kaset da faifai cikin siririyar leda, aka kalla har suka goge. Na ce masa da ina da iko da Sangaya zan fara. A nemo kaset ɗin asali in yana nan, a gyara hoto da sauti, a zaunar da Ali Nuhu da sauran waɗanda suka yi aikin su yi magana a kai daga farko har ƙarshe, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta ɗan littafin, a sa fostar da aka manna a bangon shaguna a wancan lokaci. Shi kuwa ya ce lamba ta ɗaya a gadon bayan kwali ta Turmin Danya ce, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, tunda daga kansa aka fara finafinan Hausa na kaset, Sangaya ta jira layi. Muna wannan gardama har jirgi ya iso tasharmu.