Bayan Gida a Samaru: Inda Ƙazwar Zomaye ke Ɓuya

Idan ka bar babban titin Samaru, wanda ya bi ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ya miƙe zuwa Shika da Funtuwa, ka kutsa lungunan bayan kasuwa, babu abin da zai nuna maka cewa ana kiwo a gidajen nan. Zomo ba ya cara, ba ya kuka. Sai ka wuce zaure, ka zagaya bayan ɗakuna, sannan warin fitsari da na harawa su tare ka.

Gidan da aka kai ni na wani dattijo ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. A jikin katangar yamma ya jera kejinsa hawa biyu, ƙarƙashin rumfar kwano, ga bishiyar mangwaro tana ba su inuwa da rana. Firam ɗin na katako ne, ƙasan kuma ragar waya, don kashi ya zube ƙasa a kwashe a kai wa masu lambu. Akwai farare masu jan ido, irin da ake kira New Zealand, akwai masu ruwan toka na Chinchilla, amma yawancinsu ruwa biyu ne. Abincinsu dusa da harawar gyada da ganyen dankali, wani lokaci zogale. Kiwon zomo ya daɗe da zama a wannan yanki, kuma kusancin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, wadda ke aiki a kan zomaye, yana da hannu a ciki.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne wani keji guda da aka ware can gefen rijiya, nesa da sauran. A ciki akwai wata uwa tana kaɗa kai tana sosa kunne da ƙafar baya, ba ji ba gani. Malam ya ɗauko ta, ya tallafi gindinta da hannu ɗaya, ya buɗe mini kunnen. Cikinsa ya cika da ɓawo mai ruwan ƙasa, hawa-hawa kamar ƙanzon tukunya. Wannan aikin wani ƙwaro ne da likitocin dabbobi ke kira Psoroptes cuniculi. Ba ya huda fata. A samanta yake zama yana ci, fatar ta yi ta tsattsafo da ruwa, ruwan ya bushe ya zama ɓawo, ƙwarin su ƙara samun mafaka a ƙarƙashi. In aka bar shi, ƙwayoyin cuta kan bi ta wurin su shiga can cikin kunne, sai ka ga zomo ya karkace wuya yana tafiya a jirkice.

Ƙazwar zomo ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ta fi ta kunne muni, ta Sarcoptes, dangin ƙazwar mutane. Ita takan haƙa rami a cikin fata, ta fara daga hanci da leɓe da gefen ido da yatsun ƙafa, wurin ya yi fari ya yi kauri, gashi ya zube, dabba ta daina ci ta rame. Akwai kuma ta gashi, Cheyletiella, mai sa amosani a gadon baya da wuya. Waɗannan biyun sukan haye hannun mai kiwo su sa shi ƙaiƙayi na ɗan lokaci.

Malam ya ce a shekarunsa na farko yakan yi allura sau ɗaya, ya ga ɓawo ya zube, ya yi hamdala, kafin wata biyu abu ya dawo. Ya zargi maganin, ya zargi damina. Lissafin kwanaki ne ya kuɓuce masa. Ivermectin, allurar da kowa ya sani a shagunan maganin dabbobi, tana kashe ƙwaron da ke ci a jikin dabba, amma ba ta taɓa ƙwai. Ƙwai kuwa yakan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 4, kuma daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mai yin nasa ƙwan kimanin kwana 21 ne. Shi ya sa ake maimaita allurar bayan kwana 10 zuwa 14, har sau uku, don a riski waɗanda suka fito daga baya. Kuma ba mai sosa kaɗai ake yi wa ba. Duk wanda ya haɗa keji ko katanga da ita sai an yi masa, domin zomo kan ɗauki ƙwaron makonni kafin ya nuna alama.

Awon maganin abin tsoro ne saboda ƙanƙantarsa. Ana ba da miligiram 0.2 zuwa 0.4 ga kowane kilo, a ƙarƙashin fatar wuya. Da ruwan allura mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, irin na shanu, rabon zomo mai kilo 2 ba ya kai mililita 0.1. Saboda haka Malam ya ajiye sikeli da ƙaramin sirinji irin na masu ciwon sukari, kuma likitan dabbobi ne ya fara nuna masa hannu. 

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin yana jikin katako. Ƙwaron kunne yana iya rayuwa har kusan mako uku ba tare da zomo ba, musamman inda ke da sanyi da laima, a tsagar katako, a akwatin haihuwa, a cikin ɓawon da ya faɗi. Keji na waje a damina duk ya cika waɗannan sharuɗɗa. Na tarar da jikan Malam yana kankare wani keji da burushin ƙarfe da ruwan zafi da sabulu. Tsohuwar shimfiɗar ciyawa an tara ta gefe za a cinna mata wuta. Ragar waya ana bin ta da harshen wutar gas, katako kuma a baje shi a rana, a bar kejin babu kowa wata guda. Da yaron ya nemi ya ɓamɓare ɓawon kunnen uwar da farce, kakan ya tsawata masa. Gaskiyarsa. Ƙarƙashin ɓawon ɗanyen nama ne, kuma da kansa yake zubewa bayan allura. In an matsa, ɗigon mai mai tsabta ya isa ya tausasa shi.

Na tambaye shi zancen baƙin mai, domin na sha ganin ana shafa wa awaki da karnuka. Ya girgiza kai. Zomo kullum cikin lasar jikinsa yake, abin da ka shafa masa cikinsa zai tafi. Haka nan maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da fipronil, irin su Frontline, guba ne ga zomo, yana sa shi farfaɗiya har ya mutu. A ganina wannan gargaɗi ya kamata a ce yana manne a bangon kowane shagon maganin dabbobi, don masu sayarwa da yawa kwalba ɗaya suke miƙa wa mai kare da mai zomo.

Hanyar da ƙazwa ta fi shigowa gidan nan kuwa ta zumunci ce. Maƙwabci ya aiko yaro a ara masa namiji ya yi wa matansa barbara, ko aboki ya kawo kyautar 'ya'ya biyu, ko a ga mai araha a kasuwa a saya. Hana aro a unguwa abu ne mai nauyi, kuma Malam bai hana ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara keji na biyu a gefen rijiya. Duk zomon da ya kwana a waje, ko nasa ne, nan zai yi wata guda, ana duba kunnensa da hancinsa da yatsunsa kowane mako da tocilan. Masu lafiya ake fara ba abinci, a ƙare da na gefen rijiya, sannan a wanke hannu. Kwano da tsintsiyar can ba sa zuwa nan.

A jikin kowane keji akwai rubutun alli: ranar allura ta farko, ta biyu, ta uku. A ƙasa kuma wata rana dabam wadda likita ya ba shi, wato ranar da maganin zai gama fita daga jikin dabbar. Kafin ta cika, ko masu gashin nama na bakin titi sun zo da kuɗi a hannu, wannan zomon ba na yanka ba ne.