Biyat ko biyar

A fim ɗin Pretty Woman na 1990 akwai wurin da Julia Roberts take karin kumallo da kurwasan a hannunta. Kamara ta koma kan Richard Gere, da ta dawo sai ga shi wani abu take ci mai kama da fanke. Masu Faransanci suna ce ma irin wannan kuskure faux raccord: an ɗauki hoto biyu a lokuta daban, an haɗa su, bakinsu bai haɗu ba. Mutane da yawa sun kalli fim ɗin sau biyu, sau uku, ba su gani ba sai da aka nuna masu.

Ba abin mamaki ba ne. A 1997 Daniel Levin da Daniel Simons sun shirya ɗan gajeren fim na mata biyu suna hira, suka cika shi da kurakurai da gangan. Gyalen da ke wuyan ɗaya ya ɓace ya dawo, farantai jajaye suka koma farare. Kusan duk masu kallon ba su lura da komai ba. Ido fuska yake bi, ba faranti ba. Walter Murch, ƙwararren mai haɗa finafinai na Amurka, da ya jera abubuwa shida da ke sa yanka hoto ya yi kyau, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, daidaiton wurin da abubuwa suke kuwa kashi 4 kacal. Ni na yarda da shi, amma a kan ido kawai.

Kunne ba ya yafiya haka. Akwai wani fim na Kano da muka kalla a ɗakinmu na jami'a, an sa wani ɗan wasa ya fito a matsayin ɗan Nijar. A farkon fitowarsa "shina tahiya", "wanga yaro", "dala biyat". Aka yanka, aka dawo, yana zaune a kujera guda da riga guda, sai muka ji "yana tafiya", "biyar". Ɗakin ya kwashe da dariya, wani Bamaraɗe ya ce, "Kai, har ya ƙetare Jibiya ya koma gida!" Daga nan ba wanda ya ƙara tausaya ma mutumin, alhali a labarin ɗiyarsa ce ta rasu.

Hula in ta karkace hagu ta koma dama, mutumin yana nan. Amma lafazi shi ke gaya maka garin mutum da gidan da ya tashi. In ya sauya tsakanin hoto da hoto, wanda kake kallo ya ɓace, ɗan wasa ya rage yana kwaikwayon mu. Kuma ma wace "Hausar Nijar"? Ta Tawa daban, ta Maraɗi daban, Badamagare kuwa "yana" yake cewa kamar Bakano.

Ana ajiye mutum a wurin ɗaukar fim da littafi a hannu, yana rubuta wace riga aka sa, ruwa nawa ya rage a kofi. Da ni ne, sai in ƙara masa shafi guda: yau da wane baki wane ya yi magana.